Waken Gwangwani da Gwangwanin Wake

A Kukar Sabo, wani ɗan ƙauye a ƙasar Makoda inda gonar wannan ke jingine da gonar wancan, idan baƙo ya tambayi gidan Hure sai an ɗan yi tunani kafin a ba shi amsa. Amma ya ce gidan Kuku, ko akuya sai ta nuna masa. Wannan kuwa rashin adalci ne ƙarara, domin mutum ɗaya ne ya iya girki a gidan nan, kuma ba Kuku ba ne.

Kuku shi ne mijin Hure, sunansa na yanka Badaru. Yana saurayi ya tafi Kano cin rani, Allah ya haɗa shi da aiki a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa. Abin da ya riƙa yi a gidan bai wuce wanke faranti da buɗe gwangwani ya juye a tukunya ya ɗumama ba, amma wannan bayani bai taɓa biyo shi ƙauye ba. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa farar hula, da mabuɗin gwangwani, da gwangwanin dafaffen wake guda ɗaya wanda ba a buɗe ba. Badaru ya ɗaura wa mabuɗin zare ya rataya a wuya kamar laya, gwangwanin kuma ya yi masa mazauni a kan gurbin bango, sama da inda ake ajiye fitila. Shekaru suka yi ta wucewa, gara ta cinye takardar jikinsa, tsatsa ta yi masa zane, har saman da ƙasan suka ɗan yi tozo. Badaru ya ce wannan alamar maiƙo ce.

Tun daga dawowarsa bai ƙara sa waken ƙauye a bakinsa a gaban mutane ba. Duk yamma a gindin kuka sai ya kawo zancen.

"Ku da kuke ta fama da itace da kanwa," in ji shi, "ba ku san wake ba. Waken Bature da dafuwarsa yake zuwa duniya. Ba tsakuwa, ba ƙwaro, ga zaƙi, ga romo ja wur. Ka huda, ka juye, ka ce bismillah. Wannan naku kuwa ai harsashi ne."

Mutane sun ji wannan karatu har sun haddace. Hure ta fi kowa ji, kuma ta fi kowa yin shiru, domin ita ce ke ganin yadda kwanon wake da shinkafa ke dawowa daga ɗakinsa a suɗe tas. Ba ta taɓa tona shi ba. Tana son mutumin nan da kurinsa da komai, yadda ake son tsohon zane duk da facin da ke jikinsa.

Ita ma tana da nata abin a ɗakinta, sai dai nata a ƙarƙashin gado yake. Wani ɗan tulu ne, bakinsa a liƙe da laka, cikinsa irin wake a cikin toka da busasshen barkono. Ba irin kasuwa ba ne. Ƙanana ne farare, da ɗan jan ido, masu yaɗo su rufe kunya, su ba da harawa, kuma ko ruwa ya ɗauke da wuri sai sun yi abin da za su yi. Uwarta Kulu ce ta ba ta ranar da za a kai ta ɗakin miji, ita ma daga tata uwar ta samu, shi ya sa har yau ake kiransa waken Kulu. Kulu ta rasu ba ta bar hoto ba, ba ta bar ɗan kunne ba, abin da ta bari ke nan. Duk damina Hure takan shuka shi a tsakanin gero, duk kaka ta zaɓi mafi kyau ta mayar tulu. Kuma hannunta a sake yake da shi: duk yarinyar da za a aurar daga Kukar Sabo, ko ƙawar da ta yaba, sai ta damƙa mata cikin tafi ta ce ta je ta shuka.

Sai aka shiga shekarun nan da har yanzu tsofaffi ba sa son tuna su. Ruwa ya yi rowa damina biyu a jere, aka rufe boda, sabulu da madara suka koma sai an bi layi, layin ma sai a birni. Rumbuna suka zama ɗakin kwanan ɓera, ɓeran ma ya rame. Mutane suka ci gero, suka ci dusa, suka juya kan irin shuka suka cinye. Hure ta ci tafasa, ta ci rama ba ƙuli, amma ba ta taɓa tulun ba. Abin da ya rage a ciki bai fi tiya guda ba, kuma ta ƙudura a ranta ko za ta ɗaure ciki da igiya sai ya ga damina. Rijiyar garin ma ta ƙafe, sai mata su yi sammako zuwa wata rijiya can bayan gonaki, su dawo rana ta take.

Ana cikin zafin bazara sai labari ya iso wa mai unguwa Nababa cewa masu haƙa rijiyar burtsatse za su zo duba wuri, kuma Bature ne zai jagorance su. Garin ya ɗauka. Nababa ya tara dattawa aka yi shawara, aka ga cewa baƙon da ya ci ya ƙoshi ba ya kai rijiya garin maƙwabta. To me Bature ke ci? Duk idanu suka juya wuri ɗaya.

Badaru ya gyara zaman farar hularsa. Abin da ya jira shekara da shekaru ke nan.

"Ranka ya daɗe, ka kwantar da hankalinka," ya ce. "Abincinsa yana ɗakina."

Ranar da za a zo, da hantsi, ya sauko da gwangwanin ya ɗora a kan turmi a tsakar gida. Ya ciro mabuɗin daga wuya, ya yi bismillah, ya kafa ya danna. Gwangwanin ya yi wata irin ajiyar zuciya mai tsawo, sannan ya feso wani baƙin ruwa har kan hular. Warin da ya biyo baya ba shi da suna a Hausa. Kaji suka bar gidan, akuyar Hure ta tsinke igiya, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wani abu ne ya mutu.

Badaru ya tsaya da mabuɗi a hannu, bakinsa a buɗe. Hure ta so ta yi dariya, dariyar da ta tara tun tana amarya, amma da ta dubi fuskarsa sai tausayi ya riga dariyar fitowa. Mutumin nan ba shi da gonar kirki, ba shi da karatu, abin da yake da shi a idon gari shi ne wannan gwangwani, ga shi kuma yana tsiyaya a gindin turmi.

Da ya yi magana, ƙasa yake kallo.

"Hure, na san yadda ake haɗa shi. Kauɗar tumatir, da ɗan manja, da mazarƙwaila. Wake kawai nake nema."

"Malam, wane wake ne ya rage a garin nan?"

Sai ya dubi ƙofar ɗakinta.

"A'a," in ji ta. "Wannan ba abinci ba ne, iri ne."

"Gwangwani ɗaya tak. Bature ɗaya, gwangwani ɗaya, haka ƙa'idar take. Ki tuna rijiya, Hure. Ki tuna wuyanki da tulu."

Da wuyanta ne kawai da ba ta yarda ba. Abin da ya karya ta shi ne tunanin Badaru tsaye a gaban mai unguwa hannu rabbana. Ta ɗauki gwangwanin da kanta ta dirje shi da toka da yashi har warin ya ragu, ta jawo tulun, ta fasa lakar, ta tankaɗe, ta auna masa cikin gwangwani ɗaya ba tozo. Ta so ta mayar da liƙin nan take, amma laka sai da ruwa, randa kuwa ƙaf. Sai ta kifa ƙoƙo a bakin tulun ta tura shi ƙarƙashin gado, ta ɗauki tulun ruwa ta bi sauran mata zuwa rijiya.

Ba ta daɗe da fita ba Nababa ya yi sallama, da jaki ɗauke da ruwan girki da itace, da kuma ƙarin bayani.

"Kuku, an ce ba shi kaɗai ba ne. Mota guda ce cike, da direba da masu awo. Kada ka ba mu kunya."

Badaru ya yi lissafi irin na gidan Bature, inda kowane baki gwangwani guda ne. Abin da bai sani ba, domin bai taɓa dafa ɗanyen wake da hannunsa ba tunda uwarsa ta haife shi, shi ne waken gwangwani daban, gwangwanin wake daban. Na farko ya riga ya sha ruwansa ya gama girma. Na biyu kuwa yanzu zai fara. Abin da Hure ta auna masa, da ya bar shi haka, da ya kusa isar rabin motar. Amma ya dube shi a gindin tukunya ya ga ɗan mitsitsi, sai ya ce a ransa zai ara ne kawai, in an yi rijiya ai kowa zai yafe. Ya jawo tulun. Ɗaya na direba, ɗaya na mai awo, ɗaya na wanda ba a sani ba ko zai zo. Bai farga ba sai da gwangwanin ya fara kwaso toka zalla.

Ya zuba ruwa, ya antaya tumatir da mazarƙwaila tun daga farko, kanwa kuwa ya ce ba a sa wa Bature. Ya hura wuta ya koma gefe yana fifita da hula. Can sai murfin tukunya ya fara ɗagawa da kansa. Ya danna, ya sake ɗagowa. Ya kwashi rabi ya mayar tukunyar miya, ya ƙara ruwa, ita ma ta cika ta fara tumbatsa. Ya leƙa katanga ya ari ta maƙwabciya. Duk inda ya raba waken sai ya ga kamar ƙaruwa yake, ga shi kuma da ya ɗauki ƙwaya ya tauna sai da haƙorinsa ya yi ƙara.

A haka Hure ta same shi, gumi sharkaf, tukwane uku a kan wuta kamar gidan biki. Ta sauke ruwan, ta shiga ɗaki, ta durƙusa ta zura hannu a tulun har gwiwar hannu. Toka ce da barkono. Ta juye a faifai ta tankaɗe, ta sake tankaɗewa, ko ƙwaya ɗaya ba ta samu ba, domin Badaru ya koyi tsabtar aiki a gidan Bature.

Ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ranar da aka binne Kulu kamar yadda ta yi a wannan rana ba, domin a wancan lokacin tana da tulun. Kukan ba mai sauti ba ne. Badaru yana bakin ƙofa, ya rasa ta inda zai shiga.

"Hure, ban san yana kumbura ba."

"Kowace yarinya mai tallan ƙosai ta san yana kumbura, Malam."

Ta share fuska da gefen zane ta fito. Abin da ya shiga wuta ba ya tsira, kuma barin shi ya lalace asara biyu ce. Ta jiƙa kanwa ta zuba a tukwanen uku, ta gyara wuta.

Bayan azahar motar ta iso. Gari ya fito, Nababa ya sha babbar riga, Badaru ya wanke hula ya sa ta da danshinta. Mutane suka yi ta sauka, ana ta leƙen Bature, har motar ta zama wayam. Sai wani baƙin mutum siriri mai tsagar gado a kumatu ya miƙa wa Nababa hannu.

"Sannunku da rana. Ni ne injiniyan, sunana Bature. Ranar Talata aka haife ni."

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, sai da aka kwana biyu, sannan aka yi ta har shekara. Aka shimfiɗa tabarma aka kawo abinci. Injiniya Bature, mutumin Dawakin Tofa, ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali irin na mai ladabi, ya haɗiye.

"Madalla. Wa ya sa wa wake zaƙi?" ya tambaya. "Baba, ko akwai ɗan yaji da gishiri a kusa?"

Aka kawo, ya barbaɗa, ya ci sosai, har ya ce waken kansa mai kyau ne, ina ake samun irinsa? Badaru ya sunkuyar da kai. Da Nababa ya kawo zancen rijiya a kaikaice, injiniyan ya ce ai wannan tun a ofis aka gama, Kukar Sabo na cikin garuruwan da za a yi wa, yau sun zo ne kawai su kafa turke. Sauran waken aka rarraba gida-gida, yara suka kwana da ciki cike karo na farko a wannan bazara. Hure ce kaɗai ba ta ɗanɗana ba.

Kwanaki suka wuce gidan Kuku shiru. Hure tana dafa abin da ya samu, tana kai masa, tana gaishe shi yadda ta saba, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo. Ya daina zuwa gindin kuka. Ruwan farko ya sauka, aka shuka gero, ya tsiro, lokacin sa wake a tsakaninsa ya matso. Wata safiya ta ga ya ɗauki sanda da gwangwanin nan, ya cire mabuɗin daga wuya ya rataye a ƙusa.

"Ina zuwa, Malam?"

"Wa da wa kika taɓa ba wa?"

Ta gane abin da yake nufi. Ta lissafa masa waɗanda ta tuna, ba don tana sa rai ba.

Labarin tafiyar daga baya ta ji shi, a bakin mata, domin ba ƙauyen da bai bar abin faɗi ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana kiran wakensu harsashi, ga shi a ƙofar gida yana sallama da gwangwani a hannu yana tambayar waken Kulu, kuma labarin tukwane uku ya riga shi isa ko'ina. A gidan Maijidda, wadda aka aurar can wajen Makoda, surukarta ta sa shi ya maimaita buƙatarsa sau biyu wai kunnenta ya yi nauyi, sannan ta ce sun cinye nasu tun kafin azumi. A wani gidan aka tambaye shi ko da dafuwarsa yake so. A wani aka kawo masa ja, ya ce ba shi ba ne, nasu fari ne ƙarami mai jan ido, matar gidan ta ce ashe dai Kuku yana kallon abin da yake suɗewa. Inda aka samu, ƙwaya ce 'yan kaɗan a ƙullin tsumma, wasu ma ƙwaro ya huda. Yakan karɓa da hannu biyu ya yi godiya kamar an ba shi doki.

Ƙarshen tafiyarsa gidan Tani ne, wata ƙawar Hure tun suna 'yan mata, a unguwar Maguzawa da yanzu suke zuwa coci. Tani ta saurare shi har ya gama, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta shiga ɗaki ta fasa nata liƙin. Abin da ke ciki cikin tafi biyu ne, ta raba daidai ta ba shi ɗaya. Ya fara laluben aljihu, ta galla masa harara.

"Kai Kuku, iri ake sayarwa? Da ta ba ni nawa na biya? Ka gaishe ta, ka ce kada ta sake barin ka kusa da murhu."

Ranar da ya dawo an yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi. Hure tana tsakar gida ta gan shi ya shigo, ƙafafu sun yi futu-futu, farar hular ta koma kalar hanya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya rufe bakin gwangwanin da tafin hannu kamar mai tsoron kada abin ciki ya tashi. Ya durƙusa, abin da bai taɓa yi a gabanta ba, ya ajiye.

Ta juye a faifai ta baza da yatsa. Ta fitar da masu huda, ta fitar da baƙin iri biyu-uku da suka shigo a ɓoye. Sauran kuwa su ne, ƙanana farare, kowanne da ɗan jan idonsa yana kallonta. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafin hannu, ta ji daɗi irin wanda ba ta ji ba tun kafin fari.

Badaru bai ga fuskarta ba, gwangwanin yake kallo.

"Ki yi haƙuri, Hure. Na zaga ko'ina. Ko rabi bai kai ba."

Ta mayar da waken cikin gwangwanin, ta miƙe, ta ɗauko sungumi daga jikin katanga ta miƙa masa.

"Malam, har yanzu ba ka koya ba?" ta ce. "Ka ga abin da ya yi maka a tukunya. Tashi mu je ka ga abin da yake yi a ƙasa."